Aci-balbal a Ramin Soja

Inna na tsaye a ƙofar gidanta da soson ƙarfe, tana dirzar jan fentin da aka shafa mata a bango, sai ga ɗan kwangila ya ɓullo ta kan kwana, hular roba a ka, tumbi a gaba.

"Sannu da aiki, Inna. Ko kin goge, rusau yana nan gobe da safe."

"Wa ya ce don kai nake gogewa? Bangona ne ya yi datti."

Ya yi dariya ya wuce. Ita kuwa ta bi bayansa da ruwan bokiti, wai kuskure ne, sai da ya ɗaga ƙafar wando.

Unguwar tasu a kan tsohon barikin soja take, na zamanin babban yaƙin nan da kakanni ke ba da labari. Yanzu an ba wani kamfani filin zai yi tashar manyan motoci. An shafa wa kowane gida jan fenti, an yanke wutar lantarki, an kawo katafila an girke ta kusa da famfo, har mata sun fara shanya a jikinta. Abu ɗaya ya tsayar da ita. Doka ta ce kafin a yi gini a inda soja suka yi sansani sai masu binciken tarihi sun tona sun gani. Shi ya sa 'yan jami'a suka zo da igiyoyi da rariya, da wata malama siririya da unguwa ta raɗa wa Mai Cokali, saboda ɗan ƙarfen da take kankare ƙasa da shi bai fi cokalin shayi ba.

To, sun tona. Sun samu maɓallan riga, da kwanson harsashi, da kwalabe tuli, waɗanda suka nuna sojojin nan ba ruwa kaɗai suke sha ba. Amma duk wannan, in ji malamar, akwai irinsa a ko'ina, ba zai hana katafila aiki ba. Yau kuma ranar ƙarshe ce.

Inna ba ta gama wanke soso ba ta ji ihu daga bayan katangarta. Matar tela, ƙawarta ta tsegumi tun suna amare, ta zo a guje da takalmi wari ɗaya.

"Ke, zo ki ga ikon Allah! Sun samu abu a bayan gidanki!"

Mutane sun riga sun yi da'ira a bakin ramin. A ciki ɗalibai sun jera wasu fitilu a kan farin ƙyalle, duk tsatsa, ana share su da ɗan buroshi kamar ana wa jariri wanka. Fitilun aci-balbal ne da aka yi da gwangwani, kowace da hatimin soja a gefenta.

Mai Cokali ta ɗaga ɗaya sama cike da murna. "Jama'a, in har sojoji ne suka ƙera waɗannan da hannunsu a lokacin yaƙi, to ba a taɓa samun irinsu da yawa haka a wuri ɗaya ba. Sai an dakatar da rusau. Akwai wanda ya taɓa ganin irinsu?"

Tsit kake ji.

Ku tsaya ku ji dalilin shirun. Babu tsoho ko tsohuwa a wurin da bai gane su ba. Aikin marigayi mijin Inna ne, wanda ake kira Mai Fitila. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, amma hannunsa bai iya like ba. Fitilarsa in ba ta yi yoyo ba ta yi hayaƙi, in ka kunna ta a ɗaki da safe sai ka fyace baƙi. Wadda aka dawo masa da ita, sai ya cilla ta bayan katanga don kada Inna ta gani ta yi masa dariya. Haka ya tara abin da jami'a ke shafawa yau.

Tsohon mai aski ya leƙa ramin ya girgiza kai. "Kai, aikin soja daban ne. Dubi ƙarko."

Shi ne fa wanda fitilar ta taɓa ƙone wa labule.

"Mu dai tun da muke ba mu taɓa gani ba," in ji matar tela, tana taka ƙafar Inna.

Malamar ta juyo. "Inna, bayan gidanki ne. Ke fa?"

Inna ta dubi fitilun. Ta gane har wadda ya yi ranar da ta haifi ɗan fari, mai karkataccen marfi. 

"'Yata, ni da idon nan nawa? Ko ke da ƙyar nake ganinki."

Ɗan kwangila ya koma gefe yana buga waya, gumi na bin hularsa. Unguwa ta fara murmushi a ɓoye. Da an bar zance a nan da an sha. Amma ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. A daidai lokacin Auta, ɗan Inna na ƙarshe, ya tsaya da a-kori-kura da ya ɗauko don kwashe mata kaya, har ya loda 'yan tukwane. Ya daɗe yana lallashinta ta koma gidansa na haya, can saman bene, inda ba ka ganin kowa sai tantabaru. Ya kutsa cikin taro, ya leƙa, ya fashe da dariya.

"La! Fitilun Baba! Wallahi su ne. Inna, ga ma alamar ƙafar kazar da yake bugawa da ƙusa a gindinsu. Ashe nan yake zubar da su?"

Matar tela ta dafe kai. Mai aski ya tuna yana da mai jiran aski. Ɗan kwangila ya kashe waya, haƙoransa duk a waje.

"Allah ya yi maka albarka, samari. Malama, kin ji ko? Juji kuka tona."

Malamar ta juya fitila ɗaya, ta ga ƙafar kaza, ta ajiye ta a hankali. 

Inna ta dubi Auta sama da ƙasa. "Da na san haka bakinka zai yi tsawo, da ban yi saurin yaye ka ba, ko nono ya toshe shi." Ta juya ta shige gida.

Ya biyo ta har ɗaki. "Inna, ni me na yi? Gaskiya fa na faɗa. Kuma gidan nan ya gaji, ki dubi rufin. Can akwai ruwa a cikin ɗaki, ba sai kin fita ba."

"Abin da nake tsoro ke nan, ba sai na fita ba. In zauna a sama kamar tsumman da iska ta maƙale a waya. Wa zan gaisar? Wa zai gaya mini wance ta yi yaji? A nan na binne cibiyarku duka, a kan gadon nan ubanka ya cika. Ka sauke mini tukunyar nan inda ka ɗauke ta."

Ta hau gadonta ta harɗe. Gadon ƙarfe ne na da, mai rumfa, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo har ya yi tsayin da sai da kujera take hawa. Tun aurensu bai taɓa gusawa daga wurin ba, ko don shara.

Aka yi sallama. Mai Cokali ce, ta cire takalmi, fitila ɗaya a hannunta. Idonta ya sauka kan wata 'yar kantar ajiye kaya da ke gefen gado, inda 'yar'uwar fitilar ke zaune da lagwani sabo, tun da aka yanke wuta.

"Inna, ba faɗa na zo yi ba."

"Ko faɗan ne ai kin same ni a zaune."

"Ba zan iya rubuta cewa soja ne ya yi su ba. Ko ɗanki bai faɗa ba, da mun gane a ɗakin gwaji, dalmar da aka like su da ita ba ta zamanin ba ce. Amma gwangwanayen na soja ne na gaske. Kuma duba nan, an yanke su ne suna lafiyayyu, ba a juji aka tsinto su ba. Mun tona unguwar nan kaf ba mu ga gwangwani ko ɗaya irinsu ba, sai na fitilun nan. A ina maigidanki ya samo su?"

Inna ta yi kunnen uwar shegu, tana gyara zanen gado.

Abin da malamar ba ta sani ba, kuma ko Auta bai sani ba, shi ne wannan. Lokacin da Mai Fitila yake haƙa harsashin ginin ɗakin, yana saurayi, digarsa ta bugi murfin ƙarfe. Ya ɗaga ya ga matakala, ya sauka ya tarar da ɗaki guda a ƙarƙashin ƙasa, ma'ajiyar soja, da kantoci cike da gwangwanaye da barguna da takalma. Tsoro ya kama shi kada hukuma ta ji ta ƙwace filin. Sai ya gina ɗaki a kai, ya ɗora gado a kan murfin, ya auro Inna ya ɗora ta a kan gadon. Daga can yake ɗebo gwangwanayen fitilunsa, ya kuma sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Matar da ba ta iya riƙe sirrin maƙwabta daga safe zuwa azahar, ta riƙe wannan har kanta ya yi fari.

"In an samu wurin, me zai faru?" Inna ta tambaya, idonta a kan rufi.

"Katafila ba za ta taɓa unguwar ba sai an gama bincike, kuma in gini ne a tsaye, watakila har abada. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Inda aka same shi, hukuma na iya cewa mai wurin ya tashi don mu yi aiki."

"Wato ko kura ko damisa."

"Kusan haka."

Inna ta gyara zama. Ta taga tana jin matar tela na faɗa da direban katafila kan ya bari ta kwashe shanyarta. Ta dubi fitilar da ke kan kantar. A ranta ta ce wa marigayin, Malam, ka ɓoye don kada a ƙwace, ga shi za a ƙwace don ka ɓoye. Ka yafe ni, in mun haɗu ka yi faɗan.

"Auta, je ka kira mini mai tumbin nan. Ke kuma 'yata, ki buɗe kunne. Zan nuna miki, amma gadon nan ba zai matsa ko taƙi ɗaya ba, ni ma ba zan sauka ba. Ku yi aikinku ina kai. Duk wanda ya zo tashina, sai dai ya haɗa ni da kayan tarihin ya sa a gilashi, ai na kusa kai shekarun."

"A ina wurin yake?"

Inna ta ɗaga gefen zanen gado da yatsan ƙafa.

Malamar nan da duk karatunta ta kwanta rub da ciki ta shige ƙarƙashin gado. Aka ji tana ture tsofaffin kwanuka, aka ji ta naɗe tabarma, sai ƙarar ƙarfe, sai wani sanyi mai warin daɗewa ya taso. Can muryarta ta fito kamar daga rijiya, tana kiran ɗalibanta su kawo tocila da kyamara, kada kowa ya taɓa komai.

Auta ya dawo da ɗan kwangila, ya tsaya baki buɗe. "Inna, a kan wannan aka haife mu?"

"Rufe bakin, ya yi aikinsa na yau."

Ɗan kwangila ya ce shi bai yarda ba, wani wayon ne irin na ɗazu.

"To duba da idonka," in ji Inna.

Babu yadda za a duba sai an durƙusa. Ya tattare wando, ya kai gwiwa ƙasa da nishi, ya sunkuyar da kai daidai ƙafafun Inna, hular ta faɗi ta gangara. Matar tela da ke maƙale a taga ba ta jira ƙarin bayani ba, ta juya ta sanar da layi gaba ɗaya cewa ɗan kwangila ya durƙusa wa Inna yana neman gafara. Kafin ya miƙe, labarin ya kai famfo, har an ƙara da cewa ya yi kuka.

Ya fita bai yi sallama ba. Da la'asar aka ga direban katafila ya kulle ta ya hau babur, mata suka mayar da shanyarsu.

Wani jami'i ya zo daga hukuma, ya leƙa ramin, ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya ce gaskiya ya kamata tsohuwa ta koma wani wuri na ɗan lokaci. Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta gyara matashi ta kishingiɗa. Ya dubi malamar, malamar ta dubi rufi. Ya ce za a sake zama a kan maganar.

Rana ta yi ƙasa, ɗakin ya fara duhu. Ɗalibai na shiga da fita ta ƙarƙashinta kamar tururuwa, kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Inna, a gafarce mu." Auta na waje yana sauke tukwanen da ya loda. Inna ta miƙa hannu kan kantar ta ɗauko fitilar, ta ƙyasta ashana. Nan da nan baƙin hayaƙi ya murɗa ya nufi rufi.

Wata ɗaliba ta fito da kai daga ƙarƙashin gado tana tari. "Inna, fitilar nan hayaƙi take yi."

"Wanda ya yi ta ya sani," in ji Inna. "Har ya mutu ana gaya masa."

Ta ƙara jawo lagwanin sama.