Lissafin Cikin Guntuwa

Mijina ne mai lissafin shanu, ni tawa ba ta wuce zuba dusa da ruwa ba. Shanun nama muke kiwo, kuma duk saniyar da bijimi ya hau, sai ya ɗauki gawayi ya rubuta sunanta da ranar a bangon ɗakin shanu. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Ciwon ƙirji ya kama shi da safe, ya ce mu bari mu gani zuwa gobe, muka bari. Tun daga ranar ba na jin komai, abinci ma turawa kawai nake yi.

Da na ƙirga daga ranar da ya rubuta, sai na ga Guntuwa, jar saniyar da ya fi ji da ita, ta zarce lokacin haihuwa da kwana goma sha biyu. Ita ko a jikinta, tuƙa kawai take yi. Na kira likitan dabbobi.

Ya duba ta gaba da baya, ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon bango.

"Mama, kin tabbata da ranar nan?"

"Ga ta nan ɓaro-ɓaro, ko karatun ne ya gagare ka?"

"Na gani. Amma nononta bai cika ba. In ranar daidai ce muka yi ta jira, ɗan zai yi girma ya maƙale, a rasa uwa da ɗa. In ba daidai ba ce muka yi allurar naƙuda, bakwaini za mu fito da shi. Da za ki ji tawa, a ƙara mata mako guda mu gani."

"Na gaji da gani, Likita. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa kuskuren rana ba. Yi mata."

Ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya zuƙi ruwan allura ya soka mata a wuya.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, naƙuda ta zo. Ban ko sa hannu ba, ɗan ya sulluɓo, sauƙin har ya yi yawa. Ɗan mitsitsi, gashinsa bai gama fitowa ba, kofatonsa laushi kamar jiƙaƙƙen sabulu. Ya kasa ɗaga kai. Na buga wa likita waya, ya ce yana hanya, in goge shi da buhu, in rufe ƙofa kada iska ta buge shi.

Ƙofar nan maigidan ne ke rufe ta kullum da yamma. Tun da ya tafi take buɗe, tokare da dutse, ban taɓa bi ta kanta ba. Na ture dutsen da ƙafa na ja ta.

Ashe bangon ne ya cika masa, ya ci gaba da rubutu a wurin da ƙofa ke rufewa in tana buɗe. Hannunsa ne, da ɗan karkacewar nan tasa: "Guntuwa ba ta ɗauka ba, an sake." Ga rana a ƙasa, mako shida bayan ta farko. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Saura wata guda cif.

Bai yi kuskure ba, wallahi, ko da rana ɗaya.

Kafin likita ya iso ɗan ya daina numfashi. Guntuwa dai ba ta daina lasarsa ba. Na zauna a kan buhun dusa ina jiran kuka ya zo mini, bai zo ba. Da na ji ƙarar mota a waje, sai na tashi na buɗe ƙofar har ta rufe rubutun, na mayar da dutsen inda yake.