Amyar Ragib a Cikin Dusar Ƙanƙara

Zumreta ta sake danna kyamarar, ta kawo ta dab da hancinta ta leƙa. Toka. Ga tudun can ƙetaren rafi fari fat, har yana kashe ido, amma a hoton sai ka ce murhun da aka kwana ba a share ba.

"Wannan abu dai da gangan yake yi," in ji ta.

Dalilin wahalar kuwa mijinta ne, Ragib. Ya zame a ƙofar masallaci ya karya ƙugu, yana kwance a asibitin birni, hankalinsa kuma yana kan amyoyin zumarsa da ke jere a tudun nan. Dusar ƙanƙara ta kai ƙirji, ta binne 'yar gadar rafin, ba mai iya hawa. Shi ya ce a ɗauko masa hoto: amyar da ƙudanta ke raye, ɗuminsu yakan narkar da ƙanƙarar murfi, ta ɗan lotsa a tsakiya kamar an danna yatsa a ƙullu. Jiya ta kai masa hotuna, ya duba bai ga komai ba, ya rantse gobe zai sallami kansa ya hau ko da rarrafe. Mu da muka san Ragib, ba wanda ya ɗauka wasa yake.

Kyamarar ta 'yarsu ce, ta bar ta da za ta tafi aiki Jamus. Ana cikin haka ma sai kyamarar ta mutu ɗif.

"Maƙwabciya, tsuntsaye kike harbi?"

Mirsad ne ya fito da shebur. Shi ke ɗaukar hoton bukukuwan ƙauyenmu kafin wayoyi su kashe masa kasuwa.

"Kai dai zo ka ga gawa. Ta mutu."

"Ba ta mutu ba, sanyi take ji, kamar ke." Ya zare batirin ya miƙa mata. "Cusa shi a ƙirji, can ciki."

"Mirsad, ka girma amma bakinka bai girma ba."

"To sa shi a hammata, tunda ke waliyyiya ce."

Ta juya baya ta cusa. Kafin batirin ya ɗumama ta ba shi labari, ya ajiye shebur ya daina dariya.

"Kin ga," ya ce bayan sun mayar da batirin, "wannan na'ura matsoraciya ce. In ta ga fari ya yi yawa sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta runtse ido. Ke za ki ce mata ta buɗe. Ga ɗan faifan nan ƙarƙashin babban yatsanki, murza shi wajen alamar ƙari."

Ta murza har ƙarshe, don ita ba ta yin abu rabi. Hoton ya fito fari tas, ba amya ba tudu, kamar zanen gado.

"Na ce ki sa gishiri, kin juye buhu! Dawo baya. Kaɗan. Yawwa, nan."

Ya sa ta ɗora kyamarar a kan turken shinge, ta murza gilashin har tudun ya matso. Ya kuma ce ta jira.

"Jiran me? Motar birni ba ta jira."

"Rana. Bari ta leƙo ta gefen dutse. In haske ya zo ta gefe, ko sawun ɓera sai ya yi inuwa."

Suka tsaya suna buga ƙafa a ƙasa. Matarsa ta miƙo musu gahawa ta taga tana cewa tsofaffi biyu sun haukace. Can sai rana ta fito, tudun ya kama wani ja-ja mai laushi, inuwar itatuwan fir ta miƙe shuɗiya.

"Riƙe numfashi, kar ki hura wa gilashin. Danna a hankali."

Ta danna. Ta leƙa. Fari ne na gaske, mai ƙyalli, ga amyoyin a jere kowace da farar hularta.

"Allah ya saka maka, Mirsad. Allah ya jiƙan mahaifanka."

"Amin. Ƙulle ta a leda kafin ki shiga ɗumi, in ba haka ba gumi za ta yi."

A asibiti ta tarar Ragib ya riga ya sa an ajiye masa takalmansa kusa da gado. Ta hana shi taɓa ledar sai da kyamarar ta sha ɗumin ɗakin, yana ta mita. Da ta buɗe, ya sa tabarau, ta nuna masa inda ake danna hoto ya girma. Ya bi layin da yatsa, murfi bayan murfi.

"Ta lotsa. Wannan ma. Zumra, dubi wannan, har katako ya fito!" A ta ƙarshe ya daɗe. "Wannan ta tafi. Dama sarauniyarta ta tsufa."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin bargo. Ya ce wa tsohon da ke gadon kusa, "Suna nan, ɗan'uwa. Suna numfashi." Sannan ya tura takalman ƙarƙashin gado da sandarsa.

"Ki kai wa Mirsad babbar kwalba, ta zumar ciyawar dutse. Ke kuma, tsohuwa..." Ya kama hannunta ya matse. Sannan ya ce, "Shi ke nan, mayar wa yarinya kayanta cikin kabad."

Zumreta ta ce to.

A hanyar komawa rana ta yi ƙasa, tana dukan gonakin da ke bakin kogi ta gefe. Ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗana, sauke ni a gada."

"Inna, da sauran tafiya fa. Ga sanyi."

"Na sani," in ji ta, tana laluben batirin kyamarar da ta cusa a cikin rigarta, idonta na kan gonakin.