Maye Ba Ya Jure Tafarnuwa

A Wagini, zamanin da Dallazawa ke mulkin Katsina, babu gidan da bai mori tafarnuwar Inno ba. Tsohuwa ce mai 'yar fadama a bakin rafi, ba ɗa ba jika. Mai tari ta daka masa da zuma, mai ciwon kunne ta ɗiga masa da man shanu, jariri ta ɗaura masa a wuya saboda iskoki. Kullum maganarta ɗaya: "Maye ba ya jure warin tafarnuwa." Kaico, baki shi ke yanka wuya.

Sai Indo, 'yar Mani mahauci, ta kwanta da tarin shiƙa. Cikin zafin zazzaɓi ta yi ta kiran sunan Inno. Yo wa za ta kira in ba mai ba ta magani ba? Amma Mani, da hankalinsa bai kai na akuyar da yake yankawa ba, ya fito yana kururuwa wai Inno ta kama kurwar 'yarsa.

"Inna, ke kika ce maye ba ya jure tafarnuwa," in ji Mani, da ya tara mutane a ƙofar Inno. "To, mu gani."

"Ɗan nan, ka san ina da fuka. Hayaƙin girki ma kayar da ni yake."

"Kun ji ko? Tun ba a kunna ba ta fara roƙo!"

Mani ya bi gida gida ya tattaro tafarnuwa, ya haɗa da ta ɗakin Inno kaf, har irin shuka. Aka zuba a kaskon garwashi, aka tura tsohuwa cikin ɗaki da shi, aka ja ƙyaure. Waɗanda ta yi wa jinya, su suka danne ƙofar. Ta yi tari, suka ce maita ce ke fita. Ta bubbuga ƙyaure, suka yi shewa. Da ta yi shiru, suka ce gaskiya ta yi halinta. Tir da su! Ko sallah ba su yi mata ba, jan gawarta suka yi zuwa bakin dajin Rugu.

Mani ya koma gida yana taƙama. Ya tarar da Indo na shiƙa, idanu sun firfito. Matarsa Larai na zaune da turmi a gaba, zuma a ƙoƙo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, Inno ta ce in tarin ya tashi a daka mata da zuma. Samo mini tafarnuwa."

Ya zaga Wagini har la'asar ta yi sanyi, ko ɓawo bai samu ba. Yana sa ƙafa a zaure ya ji tarin ya tsaya, sai kukan Larai.