Katin da Ke Gasa Ƙafa

Nafisatu haɗa bidiyon biki take yi a unguwar Yelwa da ke Garwa. Idan ana aure ta ɗauki kyamara ta bi amarya duk inda ta sa ƙafa, sannan ta dawo ɗakinta ta zauna gaban kwamfuta tana yanka tana liƙawa. Sana'ar na tafiya lafiya har bazara ta shigo, kwamfutar ta fara gardama. A cikinta akwai wani kati mai sarrafa hoto, wanda masu sana'ar ke kira kart girafik, shi ke ɗauke da nauyin aikin duka. Da rana ta take sai fankokinsa su dinga ihu kamar injin markaɗe, can allon ya yi baƙi wuluk, amarya ta ɓace a tsakiyar rawa.

Ta jiƙa tawul ta rataya a taga, a banza. Ta yi wa kwamfutar fifita da hannunta har kafaɗarta ta sage. Daga nan ta ci karo da bidiyon wasu samari a waya suna sanyaya nasu katin da ruwa. A cire fankokin, a manna masa wani farantin tagulla mai hanyar ruwa a ciki, ɗan ƙaramin famfo ya dinga tura ruwa ta mesa, ruwan ya kwashi zafin ya kai wa lagireto, can ya huce ya dawo. Ba ta taɓa kwance ko rediyo ba, amma ta ce in dai samarin nan masu gajeren wando sun iya, ita ma za ta iya.

Yayanta Mahfuzu yana fataucin kayan waya tsakanin Kano da Garwa, don haka shi ta aika. Ya dawo da farantin da famfon da mesar, yana ta washe baki.

"Yaya, ina lagireton?"

"Ai mai shagon ya miƙo min, na mayar masa da abinsa. Na ce ƙanwata kwamfuta gare ta, ba tirela ba. Ya ga baƙo ne yana so ya yi min wayo."

Nafisatu ta dafe kai. Ga bikin Flore da Dieudonné da ta ɗauka a coci yana jiran haɗi, uwar ango kuma sai bugo waya take. Mahfuzu ya leƙa tsakar gida ya hango babban bahon wanki cike da ruwa a gindin mangwaro.

"Ruwa dai ai ruwa ne," in ji shi. "Zura mesar ta taga."

Haka aka yi. Ta kwance katin, ta shafa masa wani farin mai kamar man goge baki, ta ga ta cika, ta goge, ta sake. Da ta gama ɗaurewa sai wani ɗan noti ya yi saura, ba wanda ya san gidansa, Mahfuzu ya jefa shi aljihu. Ta shimfiɗa tsumma ƙarƙashin kowane haɗi, ta yi bisimilla, ta kunna famfo. Wuri ɗaya ne ya yi yoyo, shi ma a kan ƙafar Mahfuzu. Da ta kunna kwamfutar ɗakin ya yi tsit, lambar da ke nuna zafin katin ta sauka. Sai dai bayan an jima ana aiki ruwan bahon ya ɗumama, lambar ta fara hawa a hankali.

Tana zaune tana kallon lambar da fargaba sai ta ga ta tsaya, ta ma ɗan ja baya. Ta leƙa taga. Goggo Aisatu ce, ƙanwar babansu mai fama da ciwon gwiwa, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta tsoma ƙafafunta biyu cikin bahon, ido a lumshe.

"Goggo! Ruwan kwamfuta ne fa!"

"Ni na ce miki na sarki ne? Yi aikinki, 'yar nan. In da hali ki ƙara wuta kaɗan."

Nafisatu ta buɗe baki za ta yi magana, ta sake duban lambar, ta rufe bakinta. Ƙafafun Goggo, waɗanda ko a bazara sanyi ƙalau suke, shanye zafin suke yi.

Washegari Goggo ta gayyato maƙwabciyarsu Madam Honorine, 'yar Kaélé mai tuyar fanke, wadda tsayuwa gaban kasko ta kumbura mata ƙafa. Kafin mako ya zagayo tsofaffin matan layin sun kewaye bahon kamar masu cin tuwo, kowacce da nata gefen, ana hira rabi Hausa rabi Fulatanci. In Nafisatu ta tashi cin abinci, Goggo ta ƙwanƙwasa taga.

"An ɗauke wuta ne?"

"A'a Goggo, hutawa nake."

"Ki huta ke kaɗai. Shi katin me ya yi da zai huta?"

Ranar da ya kamata ta gama bikin Flore, tun da hantsi ta ji famfon yana tari. Ta duba mesar ta ga wani abu kore yana tafiya a ciki a hankali, sai ya tsaya cak. Lambar ta haura da gudu, allon ya yi baƙi. Ta fito tsakar gida ko takalmi babu, ta tarar da bahon ya koma kamar miyar kuka.

"Me kuka zuba a ciki?"

"Ganyen darbejiya ne kawai, ma fille, 'yata," in ji Madam Honorine, "da 'yar kanwa. A Kaélé ba a gashi da ruwa tsirara."

"Ni kuwa man kaɗanya kawai na shafa kafin in shiga," in ji Goggo.

Mahfuzu ya shigo ya tarar da ƙanwarsa tana shirin kuka. Ya naɗe hannun riga ya ce kowa ya matsa, ya sha zuƙo fetur daga tankin babur, wannan ba komai ba ne. Ya kama bakin mesar ya ja, shiru. Ya cika ƙirji ya ja da iya ƙarfinsa, toshiyar ta buɗe gaba ɗaya, ya haɗiye kafin ya tuna ko ruwan mene ne. Ya tsaya ido jawur yana duban ƙafafun da ke jere a gabansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo. "Kai da ciwon gwiwa har abada."

Mahfuzu ya toshe baki da hannu. Ya tafi bayan gida, aka daɗe ana jin motsinsa.

Nafisatu ta kwance farantin tagullar ta wanke shi da tsohon buroshin goge baki, ta dinga zaro jijiyoyin ganye da allura. Allah ya taimaka katin bai ƙone ba, kashe kansa ya yi da ya ji wuta. Ta so ta hana shiga bahon kwata-kwata, amma da ta ga fuskar Goggo sai ta hau babur ta tafi wurin masu gyaran firji, ta sayo siririn bututun tagulla. Ta nannaɗe shi kamar gammo ta nutsa shi cikin bahon, ruwan kwamfuta mai tsabta ya dinga zagayawa a cikinsa ba tare da ya haɗu da na ƙafa ba. Duk mai son zuba ganye ta zuba.

Aikin ya makara. Ranar Litinin da la'asar sai ga uwar ango, Madam Joséphine, ta sauka daga babur da jaka a hammata, tun daga zaure ake jin muryarta. Dangi sun zo daga Tignère don su kalli bikin, in ji ta, sun koma ba su ga ko gyalen amarya ba.

"Ki yi haƙuri, Mama, yanzu yake fita. Ki ɗan jira."

"In jira a ina? Tun safe nake tsaye a kasuwa, ƙafafuna kamar ba nawa ba."

Madam Honorine ta dubi Goggo, Goggo ta gusa da kujerarta. Madam Joséphine ta tsaya tana duban bahon da koren ruwansa, ta tambaya ko wane irin magani ne wannan. Aka ce mata na kwamfuta ne. Ta cire takalmi ta taɓa da babban yatsa, sannan ta zauna.

Can Nafisatu ta leƙo ta taga ta ce saura kaɗan a gama.

"Wa ya ce ki yi sauri?" in ji Madam Joséphine, ido a rufe. "Akwai wurin da Dieudonné ya taka wa amarya riga, ban so a gani ba. Koma ki cire shi, ki sake tun daga farko."