Karen da Ya Kama Ɓarayi Bakwai

...bakwai. Haka ya ce, kuma har yanzu bai ga wanda zai cire a cikinsu ba. Ɓarayi bakwai, kare ɗaya. Kafintan yana tsaye a shagonsa yana goga sanfefa a ƙafar kujerar da ta riga ta yi sumul tun jiya, yana sake jera su a ransa. Biyu a bakin ƙofa, karensa Sajan ya bangaje su da ƙirji. Uku a kan katanga, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya ta ƙafar wando. Na shida haushi kawai ya ji ya suma. Na bakwai... ina ma ya ajiye na bakwai? A rijiya? A'a, rijiya ta bara ce, lokacin suna biyar.

Wa ya taɓa neman shaida? Shekara shida masu zaman bencin ƙofar shago suna cewa "Kai, Malam!" suna tafa hannu, kowa ya tashi da ɗan abin da zai kai wa iyali. Labari ne, ba ya cin kowa. Ba ya cin kowa... sai shekaranjiya.

Ƙanin matarsa, mai gidan kaji a bayan gari. Ya zo ya zauna a bencin nan fuska a ɗaure, an yi masa ɓarna sau biyu a wata ɗaya. Ya saurari labarin har ƙarshe bai yi dariya ba — a nan ya kamata mai hankali ya gane akwai magana. Sai ya ce, "Mijin Yaya, ka ba ni aron Sajan. Wata uku kawai." A gaban mutane. Shi kuma bakin nan nasa da ba ya jiran kai ya gama tunani: "Ɗauke shi mana! Ni da kare me ya haɗa mu? Yana gadi, ina jefa masa ƙashi, shi ke nan." Yau da hantsi zai zo da mota. Ya ce har sarƙa ya saya, sabuwa, mai kauri.

Sarƙa.

Yana sunkuyar da kai. Ga mai kama ɓarayin nan a ƙarƙashin teburin aiki, garin katako a gira, haɓarsa a kan ƙafar maigidansa. Kullum nan. Duk faɗin shagon, ga inuwa, ga buhun da aka shimfiɗa masa, sai kan ƙafar mutum — ta hagu, don ya gane ta dama ce ke motsi in ana yanka. Nauyi kamar bulo. Ƙafar har ta mutu, amma ya za a yi, a janye? In ka janye sai ya ɗago ido ya dube ka, irin kallon nan da... a'a. Gara ƙafar ta mutu.

Ɓarawo ɗaya ne. To, an faɗa. A cikin rai ne, ba wanda ya ji. Ɗaya, da rana tsaka, wani siriri, ya shigo ya ɗauki guduma da tef ɗin awo lokacin da kafintan ya zagaya. Ya dawo ya tarar da Sajan kwance rigingine, ƙafafu huɗu a sama, baƙon yana sosa masa ciki da hannu ɗaya, guduma a ɗayan. Har bakin titi Sajan ya raka ɓarawon. Ya dawo yana taku kamar wanda ya fitar da gida kunya.

Kuma wai gidan kaji! Wannan da kazar maƙwabta ta taɓa korowa tun daga famfo har ɗakin girki, ya shige bayan buhun gawayi, sai da uwar yara ta durƙusa tana lallashi... Kaji dubu biyu. Da kallo kawai za su gama da shi.

A'a, ba kajin ba ne. Kaji suna cikin keji. Sarƙar ce — turke, fili, ba kowa, ba ƙafar da za a ɗora haɓa. Zai yi ta duban hanya. An ba shi labarin yadda yake duban hanya. Uwar yara ta ce ranar da ya tafi sayen katako karen ba ya ci, ba ya sha, zama yake a bakin ƙofa yana ɗaga kunne ga kowace mota har ya dawo. Yini ɗaya ke nan. Wata uku fa? Kare ya san wata uku? Wa zai yi masa bayanin aro? Shi abin da zai gane, an ba da shi.

Sanfefar ta tsaya. Yana duban hannun da ke riƙe da ita. Yatsu uku. Su ma ai suna cikin labarin: ɓarawo na huɗu ne ya sare biyu da adda, shi kuwa bai ko ji ba sai da aka gama faɗan. Injin yanka katako ne. Safiyar Talata, katako mai ƙulli, ya juya zai amsa sallama — shi ke nan. Ko ƙararsa bai canja ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan, injin ya ci gaba da waƙarsa.

Bayan an kwance bandeji... mutane suna da kirki, wallahi suna da kirki. Kirkin ne ma matsalar. Ka miƙa hannu a gaisa, sai idon mutum ya gudu saman kwano, ya kama maka wuyan hannu a hankali kamar ƙwai. Jikarsa ta ɓuya a bayan uwarta. Shi kansa ya koma cusa hannun a aljihu, wata biyu bai buɗe shago ba, bai ba da labari ko ɗaya ba, yana zaune a tsakar gida yana kallon bango. Sai wannan sakaran. Ya zo ya tura hanci cikin aljihun — ƙila nama yake tsammani, kada a ba shi ladan da ya fi aikinsa — ya turo hannun waje, ya shinshina wurin ɗinkin, ya sake shinshinawa, sannan ya cusa kansa a ƙarƙashi. Ya tsaya. Wai a shafa. Ga na hagu lafiyayye, yatsu biyar cif, bai nema ba. Har yau in ka miƙa masa na hagu sai ya zagaya.

Da yatsu ukun nan, kan kare ya fara shafawa kafin ya sake riƙe guduma. Wa ya sani? Ba kowa. Wannan ba ya shiga labari, ba ɓarawo a ciki.

To ya faɗi gaskiya mana. Me zai faru? "Ƙanina, karen nan ko ƙuda ba ya cizo." Kafin azahar bencin ya ji. Shekara shida... kadan da ya ɗaure a kogi da zariyar wando, buhun ƙusar da ya ɗaga da haƙori, duk su bi ɓarayin su tafi. Ya buɗe baki gobe, mutane su dubi juna. Ko ya ce ya fasa, don — don me? Don yana son kare? Mutum da furfura a gemu, a gaban ƙanin matarsa, wanda tun ranar aurensu yake neman abin tsokana?

Ƙarar mota. Ta mai kajin ce, ga salansar nan da ta fashe.

Bai san lokacin da ya yanke shawara ba, hannu ne ya yanke. Akwai wani kabad da aka ba shi aiki, yana tsaye a lungu, mai ƙofa biyu, ko fenti ba a yi masa ba. Ya buɗe, ya nuna ciki. Sajan yana dubansa, yana duban duhun — ba ya son duhu, ba ya son matsatsi — ya shiga. Don an ce ya shiga. Ya juya sau ɗaya ya kwanta, ido a sama. Haka zai shiga motar ma, in dai shi ya nuna masa... Ya rufe ƙofar.

"Mijin Yaya! Ina sojan namu?"

Sarƙar tana ƙara a hannunsa. Uwar yara tana biye da ƙaninta, ta fito daga cikin gida hannu a jiƙe.

"Kai, ka makara." Bakin ya kama aikinsa. "Tun da sassafe ya fita. Wata mota ce ta wuce da wasu mutane da bai yarda da su ba, ya tsallake katanga ya bi—"

Dum. Dum. Dum.

Ya yi shiru. Kabad ɗin ma ya yi shiru.

"Ya bi su, na ce. In ya fara bi kuwa, sai ya kwana—"

Dum-dum-dum-dum. Wutsiya a jikin katako. Ba haushi, ba kuka, an ce ya zauna ya zauna. Muryar ce kawai. Ya ji muryar, wutsiyar kuma ba ta san ana ɓuya ba.

"Gam ne," in ji kafintan. "Sabon katako in yana shan gam—"

Dum-dum-dum.

Mai kaji yana duban kabad, yana duban sarƙar hannunsa. Uwar yara tana goge hannu a zani. Ba ta yi dariya ba, da ta yi da ya fi sauƙi.

"Baban yara, shekara talatin ina sauraronka, yau na fara ganin labarinka ya sa katako murna. Buɗe masa, zafi ake yi. In ba za ka iya rabuwa da shi ba, ka faɗa wa yaron nan da bakinka."

Da bakinsa. Yana lalube... akwai labari a nan, dole akwai, kabad mai aljanu, wani abu... ba ya zuwa. Abin da ya rage kalma huɗu ce ko biyar, gajeru, bai taɓa jera irinsu a gaban kowa ba. Hannunsa yana kan mariƙin ƙofar. Su biyu suna jira, sarƙar ta daina ƙara. A ciki kuwa an yi tsit, an kasa kunne, ana jiran ya sake cewa wani abu — ko mene ne.