Ranar da Lorene Ta Ƙi Ɗaga Ƙafa

Duk wanda ya san Lorene Tackett a garinsu na kudancin Ohio ya san ba ta da sauƙi, balle a kan motar mahaifiyarta. 'Yar ƙaramar Dodge Dart ce samfurin 1966, koriya, wadda marigayiyar ta riƙa kai su coci da cefane a cikinta. Da Lorene ta gaje ta, sai ta mayar da ita motar tsere: ta sauya kafireta, ta buɗe salansa, ta cire kujerar baya don rage nauyi. Tsohon injin mai silinda shida ne kawai ta ƙi rabuwa da shi.

Yayanta Merle, mai garejin da motar ke kwana, shi ya hana ta sakat.

"Ke dai taurin kai zai kashe ki. Wannan ai keken ɗinki ne! Bari in sa miki mai takwas ki ga gudu."

"Keken ɗinkin ne ya kai ka asibiti da ka faɗo daga bishiya, butulu."

Da surutu ya ishe ta, suka yi yarjejeniya: in kakar tsere ta ƙare motar ba ta cinye filin tseren garinsu a ƙasa da sakan sha huɗu ba, Merle ya ciro injin.

Asabar ɗin ƙarshe ta zo. A filinsu, kowa yakan rubuta lokacin da yake jin motarsa za ta yi, da farin man takalmi a gilashin motar. Wanda ya fi abin da ya rubuta gudu ya faɗi, ko da shi ya riga isa. Lorene ta rubuta sha huɗu da 'yan kai, iyakar abin da motar ta taɓa yi. Sai ga ta tana kayar da mutane har zagayen ƙarshe, ita da ba ta taɓa cin kofi ba.

Da la'asar iska ta yi sanyi, inji kuwa yana son sanyi. Fitila ta kawo kore, Lorene ta fizga. Tun a tsakiyar fili ta ji kukan injin ya sauya, ta kuma bar abokin karawarta a baya. Kowane direba ya san abin yi a nan: ɗaga ƙafa kaɗan daga totur don kada ka fi abin da ka rubuta gudu, ka karɓi kofinka. Amma in ta ɗaga, injin Mama ya tafi. Ta danne totur har ƙasa.

Aka sanar ta faɗi. Merle ya iso yana haki.

"Kin haukace? Kofi a hannunki kika yar!"

"Karanta min allon sakamakon, idona ya yi rauni."

Ƙarya take, garau take gani. Alfahari ya cika mata ƙirji har ta kasa ɓoye murmushi.

Merle ya duba, ya sake dubawa. "Sha uku da ɗigo tara," ya ce a hankali. Ya cire hularsa, ya dafa motar da ke ta hucin zafi.

"Mama ko gudun keke ba ta taɓa yi da ita ba," in ji shi.

"Ka mayar da mai takwas ɗinka inda ka samo shi."

Ya goge ido da bayan hannu. "Litinin zan sauya mata mai. Kada ki bari kowa ya taɓa injin nan sai ni."