Matar da ke Jikin Kaset

Mbarka tana murza kuskus a faranti lokacin da jikarta Shahinaz ta faɗo kicin da waya a hannu, ko sallama babu.

"Kaka, bar wannan ki ji abin da na tono. Irin waƙarku ce ta mutanen da."

Sarewa ta fara, ganga ta biyo baya, sai wata murya mai kauri ta shigo tana yi wa motar birnin Sidi Bel Abbas Allah ya isa saboda ta tafi da masoyinta. Hannun Mbarka ya tsaya cak a cikin garin. Muryarta ce, ita Mbarka.

Tana amarya ta yi waƙar. A lokacin takan yi waƙa a bukukuwan mata zalla, inda namiji ba ya leƙawa, har wani mai shagon kaset a birnin Wahran ya lallaɓe ta ta shiga ɗakinsa na ɗaukar murya sau ɗaya tak. Sharaɗinta shi ne na kowace matar aure a wancan zamani: ba suna, ba hoto. Mutumin ya laƙaba mata Shaiha Gamra, ya yanko hoton wata Baturiya daga mujalla ya manna a kwalin. Kaset ya zagaye gari, har mijinta Lahdar, Allah ya jiƙansa, yana sa shi a tasinsa yana kaɗa kai, bawan Allah bai san matarsa ce ba.

"Wace ce?" in ji Mbarka, don dai ta ji abin da za a ce.

"Shaiha Gamra. Ga hotonta nan, ji gashi kamar na masara. Ba wanda ya san inda ta shiga. Zan sake rera ta da kiɗan zamani, ta fito a sabon faifaina."

Shahinaz mawaƙiya ce, da sunanta da fuskarta a allunan titi, ba wanda ya ce mata kanzil. Mbarka ba ta ƙyashin haka. Abu ɗaya take so kafin ta mutu, yarinyar nan ta san inda ta gaji maƙogwaro. Ga shi ba sauran mai ba da shaida: mai sarewar ya rasu, makaɗiyar ta rasu, shagon ya koma na sayar da takalma.

"Ni ce," ta ce.

Shahinaz ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Ke? Tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Ke da ko rediyo aka kunna sai ki ce ana tara mana zunubi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Haka Mbarka ta yi ta yi tsawon aurenta don kada a zarge ta, har abin ya zame mata jiki. Yanzu ta ji takaicin kowace rediyo da ta sa aka kashe.

Ta kakkaɓe hannu, ta gyara zama, ta buɗe baki. Tun da aka yi mata aikin maƙoƙo muryar ta dushe, abin da ya fito sai ka ce ana jan kujera a siminti. Amma ta daure ta kai ƙarshe, har ta zarce zuwa baitin da ta fi so, inda matar ta haƙura da zagin mota ta koma gida ta ɗora tukunya. Wannan baitin bai shiga kaset ba, domin zaren ya ƙare tana tsakiyar yinsa, mai shagon kuma ya ce ya isa haka.

Shahinaz ta daina dariya. Ta matso ta dafa gwiwar kakarta, cikin tausayi irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Kin yi ƙoƙari, Kaka, wallahi. Amma na ƙarshen nan babu shi a waƙar, kin haɗa da wata ce. Bari in mayar miki daga farko ki ji yadda mai ita ta yi."